Masu Aron Kundin Don Hilarión

Shekara talatin da huɗu ina riƙe da ɗakin karatu na makarantar ma'aikatan lafiya ta garinmu, kuma in gaya muku gaskiya, ƙadangarun da suka shigo ɗakin nan sun fi ɗalibai yawa. Yana can bayan ɗakin girki, tagarsa ɗaya, kujeru goma sha biyu, da fanka mai juyawa ranar da ta ga dama. Sunana Remigia Vaca. Ban yi aure ba, ban haihu ba, kuma mai shirin ce mini "ayya" ya riƙe abinsa, na ji ta har ta ishe ni.

Wata Talata da hantsi ina kakkaɓe kantar littattafai, sai ga wata mata da takalmi mai tsini, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf.

"Ke ce Doña Remigia?"

"In ba wata suka kawo ban sani ba, ni ce."

Ta ce sunanta Zulema Arancibia, lauya ce daga La Paz, babban birninmu. A wajenmu kowane lauya Dakta ake ce masa ko da bai san inda hanta take ba, don haka na ce, "Zauna, Dakta, kujeru ga su nan har kin rasa ta zaɓa."

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Wani kundi nake nema. Na wani Hilarión Cuéllar, shekarar 1991."

Sai da na dafa kantar littattafan. Shekara takwas ke nan rabon da wani ya ambaci sunan nan a ɗakin nan.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Wani kamfani ne ya je ofishin rajistar ƙirƙira a La Paz, ya ce shi ya fara gano yadda ake awon ciwon Chagas da 'yar siririyar takarda. A ɗiga mata jini, in layi ya fito akwai ciwon. Abin da suke taƙama da shi, takardar ba ta buƙatar firji, domin an busar da maganin awon a cikin sukari, zafi ba ya ɓata shi. In aka ba su takardar mallaka, shekara ashirin ba mai yin irinta sai da izininsu. Ga kuma wasu likitocin jami'a da ke yin irinta suna kai wa asibitocin ƙauye, su ne suka ɗauki Dakta Zulema aiki, domin hana su za a yi.

"Doka ba ta ba mutum mallakar abin da ba sabo ba," in ji ta. "In muka nuna wani ya riga ya rubuta shi, an ajiye inda jama'a za su iya gani, maganarsu ta mutu. Wata tsohuwar nas ce a Camiri ta ce ta taɓa jin wani ma'aikacin awon jini yana haɗa maganinsa da sukari."

"Ba sukari ba ne," na ce. "Mazarƙwaila ce. Shafi na ashirin da uku."

Ta saki baki tana kallona. Na je kanta ta huɗu, na zaro shi ba tare da na duba ba.

Bari in gaya muku ko wane ne Don Hilarión. Dogo ne siriri, mai awon jini a asibitin gari, matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa ɗaya ya tafi Ajantina ya manta hanyar gida. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka a kan babur, inda ƙwaron vinchuca ke fitowa daga tsagar bangon laka ya ciji mutane su kwashi ciwon, kuma kullum kafin ya isa rana ta kashe masa maganin awo. Shi ne ya zauna da tukunya da mazarƙwaila har ya samo dabara. Da ya dawo makarantarmu ƙaro karatu da furfurarsa, a kan wannan ya rubuta kundinsa. Da yatsa biyu ya buga shi a tafireta, shafi sittin da ɗaya. Ya kawo mini shi a watan Satumba, a nannaɗe cikin tawul kamar jariri.

Daga nan ya ɗauki wata al'ada. Duk Juma'a ƙarfe huɗu sai ya shigo, ya cire hula, ya ce, "Doña Remigia, an kuwa taɓa shi?"

Kowane littafi yana da kati a aljihun bangonsa na baya. Wanda ya ara, a rubuta sunansa da kwanan wata. Juma'a ta farko na ce ba kowa. Ta biyu ma haka. Ya zaro katin nan fari fat, ya juya bayansa kamar wani zai ɓuya a can, ya mayar, ya ce, "To, ai da sauran lokaci." Yadda ya sa hularsa ya fita, kafaɗa a sauke, abin ya tsaya mini a rai har mako ya zagayo.

Juma'a ta uku da safe na zaro katin, na ɗauki biro. Suna ya gagare ni. Na waiwaya, sai idona ya faɗa kan kalandar da ke rataye a bayan kujerata, irin wadda coci ke rabawa, kowace rana da sunan waliyyinta. A cikin irinta uwata ta samo mini Remigia, a cikinta uwarsa ta samo masa Hilarión, haka mutanen da suke yi. Ranar huɗu ga Oktoba ce, ranar waliyyi Francisco. Na karkatar da hannu na rubuta Francisco, na ara masa sunan mahaifi daga jikin buhun shinkafar da ke ƙofar ɗakin girki.

Da ya zo ya ga sunan, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga ido can saman kaina, ya yi murmushi, ya ce, "Ashe dai!" Ranar ya zauna. Na haɗa masa shayin mate, irin namu da ake sha a ƙoƙo ɗaya, muka yi ta miƙa wa juna ƙoƙon har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Shi ke nan na samu sana'a. Ba kowane mako ba, ni ba sakarya ba ce. Sai in bar wata guda ko biyu, wani lokaci shekara, sannan in ƙara suna, in canja biro, in canja hannu. Cecilia ta ara, Lucía ta ara, Isidro ma ya ara. Shi kuwa ko da suna ko babu, Juma'a ba ta wuce shi. Ya duba kati, ya ɗaga ido, ya zauna. Wani lokaci ya ce, "In Cecilia ta dawo ki gaishe ta." In ce, "Za ta ji." Shekara goma sha biyu muna haka, har ciwon da ya yi ta auna wa mutane ya tsayar masa da zuciya a bakin famfon asibiti. Sunaye goma sha ɗaya ya bari a katin. Bayan an binne shi ban ƙara ko ɗaya ba, amma duk Juma'a ƙarfe huɗu sai in ga na ɗora ruwan zafi. Kaɗaici na sani tun ina yarinya, amma na bayan Don Hilarión daban ne.

To, katin nan Dakta Zulema ta zaro. Ta ƙirga da yatsa, ta yi tsalle da takalminta mai tsini.

"Mutum goma sha ɗaya! Doña Remigia, kin san abin da kika ajiye kuwa? Kamfanin cewa zai yi kundin yana ɓoye ba wanda ya isa gare shi. Ga shi nan mutane sun ara sun karanta!"

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Na ce a raina, mutumin nan ya mutu yana murna da mutanensa goma sha ɗaya, ni ce zan kashe masa su a gaban baƙuwa? Ta ɗauki hoton katin, da kundin, da shafi ɗaya na babban littafin da nake rubuta duk abin da ya shigo ɗakin. Ta ce za a kira ni La Paz in yi rantsuwa in ba da shaida.

Bayan wata uku aka kira ni. Kwana ɗaya da wuni a mota, daga zafinmu zuwa sanyin da ke shiga ƙashi. Na tafi da kundin da katinsa. Babban littafin ma na naɗe shi a mayafi na rungume, duk da ta ce ba sai na kawo ba, domin ban yarda in bar shi ga masu girki su ɗora masa tukunya ba.

Ɗakin da aka shigar da mu ƙarami ne, hawa na shida. Wata jami'a mai furfura da tabarau ce ke sauraron ƙarar. Lauyan kamfanin, Dakta Peñaranda, gajere ne mai ƙamshin turare, mai ladabin da ke sa gaban mutum ya faɗi. Ya gaishe ni, ya tambayi hanya, har ya sa aka kawo mini shayin ganyen koka saboda jirin tsauni. Sannan ya ɗauki katin da yatsu biyu.

"Doña Remigia, ni kakata ce ta raine ni, kullum da asuba sai ta gaya mini waliyyin ranar. Ki taimaka mini. Huɗu ga Oktoba ranar wa ce?"

Na ce, "Francisco."

"Madalla. Wa ya ari kundin ranar? Francisco. Ashirin da biyu ga Nuwamba?"

"Cecilia."

"Ikon Allah, ga Cecilia. Sha uku ga Disamba, Lucía. Sha biyar ga Mayu, Isidro." Ya juya ga jami'ar. "Ranki ya daɗe, garin nan nasu akwai albarka. Waliyyai ne ke saukowa daga sama, kowa ranar idinsa, su ari littafin awon jini."

Wani a baya ya tuntsire da dariya. Dakta Zulema ta juyo ta kalle ni, fuskarta ta yi fari. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ajiye wasa. Ya ce katin jabu ne, kuma hannun da ya rubuta shi shi ne ya buga hatimin kwanan wata a kan kundin, shi ne ya rubuta shafin littafin da aka kawo hotonsa. Wa ya san yaushe aka buga kundin nan? Tsohuwar tafireta ba ta wuyar samu. Ya roƙi a yi watsi da shaidar gaba ɗaya.

Jami'ar ta sauke tabarau. "Doña Remigia, kin yi rantsuwa. Wa ya rubuta sunayen nan?"

Na dubi kundin a kan tebur, bangonsa shuɗi ya koɗe. In na ci gaba da kare mutanen ƙarya, mutumin gaskiya ɗaya da ke cikin maganar zan binne.

"Ni ce na rubuta, ranki ya daɗe. Duka goma sha ɗayan."

"Saboda me?"

"Saboda mai shi yana zuwa duk Juma'a yana tambaya ko an taɓa, kuma ba a taɓa ba. Shekara ashirin yana kanta ta huɗu, ƙofa a buɗe daga takwas zuwa biyar, sunansa yana durowar katuna a ƙarƙashin Cuéllar da ƙarƙashin Chagas, ba wanda ya miƙa hannu. Ɗalibanmu littafin da za a tambaye su a jarrabawa ma sai an yi da gaske."

Dakta Peñaranda ya buɗe hannuwa. "Kin ji ko, ranki ya daɗe? Ba wanda ya taɓa karanta shi."

Raina ya ɓaci, har na manta kunyar. "Kai, Dakta, cewa na yi ba wanda ya ara. Ni na karanta."

"Ke?"

"Sau nawa ma! Buɗe shafi na ashirin da uku. Mazarƙwaila awo ɗaya, ruwan da aka tace awo tara, a tsoma takardar, a shanya a inuwa kwana biyu cikin gwangwanin biskit da aka zuba wa gasasshiyar shinkafa don ta tsotse laima. Layi na shida ya buga kalma ɗaya sau biyu, ya soke ta da biro. Shafi na arba'in ya auna mutum ɗari biyu da shida a ƙauyuka huɗu, bayan takardar ta yi wata uku a jakar babur. Duba mana, ai ga shi a gabanka."

Jami'ar ce ta buɗe. Ta bi da yatsa, ta juya shafi, ta sake bi.

"Haddar ba ta nuna shekara," in ji shi, amma muryar ta ragu.

Sai na kwance mayafina na dire babban littafin a tebur, har ƙura ta tashi ta sa shi atishawa. "Rubutuna ne, ban musa ba. Amma a makarantarmu duk ƙarshen shekara shugaba yana zuwa ya ja layi a ƙarƙashin littafi na ƙarshe da ya shigo, ya rubuta adadi, ya sa hannu, ya buga hatiminsa. Ga kundin, lamba dubu biyu da ɗari uku da sha huɗu, tsakanin littafin ungozoma da na sauro. Juya shafi biyu, ga layin 1991, ga sa hannun shugaban lokacin. Ya rasu a 1994. In kana ganin na tono shi ne ya sa mini hannu, sai ka faɗa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Jami'ar ta ce za a riƙe littafin da kundin a bincika, ta sallame mu.

A matakala Dakta Zulema ta tsaya tana huci. "Haba, Doña Remigia! Da kin gaya mini tun farko! Doka ba ta ce sai wani ya karanta ba. Cewa ta yi ya kasance inda mai so zai iya karantawa. Da katin nan fari fat ne da ya fi mana amfani sau goma."

Na ce ta yi haƙuri. Ta share ido, ta sa ni a tasi zuwa tasha.

A motar dawowa ne abin ya same ni. Muna gangarowa daga tsauni da rana tsaka, kowa yana gyangyaɗi, ni ina ta juya maganar lauyan nan. Mutumin da bai taɓa ganina ba, kallo ɗaya ya yi wa katin ya gane. To Don Hilarión fa? Mutumin da ke ganin ƙwayar cuta a ɗigon jini, wanda shi kansa daga kalanda aka samo masa suna, wanda duk Juma'a in ya duba katin sai ya ɗaga ido saman kaina? Me ke saman kaina in ba kalandar ba?

Sai wata Juma'a ta dawo mini, ashirin da ɗaya ga Oktoba, 1994. Na yi niyyar ƙara suna da safe, na waiwaya na ga waliyyin ranar Hilarión ne, na fasa. Da ya zo ya duba katin, ya ce, "Af, yau ba kowa? Ni da na ɗauka yau takwarana zai zo." Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin tasa, na miƙa masa ƙoƙo.

Ya sani. Tun daga Francisco ya sani. Shekara goma sha biyu yana zuwa yana tambayar abin da ya san amsarsa, ya zauna a kujerar da ke kusa da tebur ɗina har a kaɗa ƙararrawa, ni kuma ina can ina canja biro. Ban taɓa ce masa na karanta kundinsa ba, gani nake wace ce ni da zan sa kaina cikin masu karatu. Shi ma bai taɓa faɗin abin da ke kawo shi ba. Na kifa fuska a mayafi na yi kuka mai isata, matar da ke gefena ta ɗauka jirin mota ne ta miƙo mini lemo.

Hukunci ya fito bayan wata bakwai. An hana kamfanin takardar mallaka. Dakta Zulema ta aiko mini da kwafi, da kundin da babban littafin a cikin kwali, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla ɗaya: wai dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun watan Satumba na 1991 tana hannun jama'a, ta hanyar kundin Hilarión Cuéllar.

Na karanta ta da ƙarfi a ɗakin. Na dubi kujeru goma sha biyu, da ƙadangare ɗaya a jikin taga. Na ce, "Don Hilarión, ka ji, wai jama'a."

Katin ma sun dawo da shi, a cikin leda, da lambar shaida manne a kai. Ranar Juma'a na zaro shi. A ƙarƙashin suna na goma sha ɗaya akwai sauran layi. Ban waiwayi kalanda ba, ban karkatar da hannu ba, na rubuta Remigia Vaca da kwanan watan ranar. Na mayar da shi aljihunsa, na ajiye kundin a kan tebur gaban kujerarsa. Ƙarfe huɗu saura kwata na tashi na ɗora ruwan zafi.